HUKUNCIN GYARAN HANCI DA HARAMCIN YI WA HALITTA IZGILI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, wani bawan Allah ya tare ni bayan sallar La'asar a nan Tasawa da wata tambaya. Ɗiyarsa budurwa ta daina zuwa makarantar Islamiyya, ba ta fita rijiya sai ta rufe fuska da mayafi, saboda ƙawayenta sun laƙaba mata suna a kan faɗin hancinta. Ta ji labarin likitoci na gyara hanci a ƙasashen waje, yanzu ba ta da zance sai wannan. Ya ce: Malam, ya halatta?

Ku sani, malamai sun kasa wannan aiki gida biyu. Na farko shi ne gusar da aibi. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa an yanke hancin Arfajatu ɗan As'adu a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Manzon Allah (SAW) ya umurce shi da ya sa na zinariya, alhali zinariya haramun ce ga maza. Na biyu shi ne taɓa lafiyayyar gaɓa don neman ƙarin kyau, wanda ya shiga canza halittar Allah da aya ta 119 cikin Suratun Nisa'i ta jingina wa Shaiɗan. A kan wannan rabo Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tsaya a zamanta na Maleshiya a 2007.

Saboda haka na ce masa: hancin ɗiyarka ba shi da ciwo, ciwon yana ga harsunan mutane. Mu ne muke yabon amarya da "hanci har baka", mu ne muke jan hancin jinjiri wurin wanka don ya yi tsawo. Yaro kuwa abin da ya ji ga manya shi yake faɗi. Allah Ya hana izgili da jifan juna da miyagun laƙubba cikin Suratul Hujurati, aya ta 11. Wanda ya raina hanci, to ya tuna Wanda Ya ƙera shi.

Amma akwai waɗanda hukuncin Arfajatu ya hau kansu, ga su nan ɓoye cikin ƙauyukan Tasawa da Mayahi. Su ne waɗanda cutar da likitoci ke kira noma ta cinye musu leɓe ko hanci. Tana kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda. Daga dasashi take farawa, da warin baki da kumburin kunci, cikin ƴan kwanaki ta huda fuska. Idan ba a yi magani ba, mafi yawansu mutuwa suke yi; idan an gaggauta, magani na tsayar da ita. Ƙungiyar Sentinelles tana kula da irin waɗannan yara a Damagaram tun 1992, an kuma buɗe asibitinsu a Sakkwato a 1999, inda ake yi musu aikin gyaran fuska.

To, ɓoye irin wannan yaro a ɗaki don gudun kunya zalunci ne, kai shi likita kuwa sauke amana ne. Kada a tsaya cewa aikin iska ne har lokaci ya ƙure.

Ya ku iyaye, ku duba bakin ƴaƴanku, ku kuma tsare bakinku a gabansu. Hadisin Muslim ya karantar da mu cewa zukata da ayyuka Allah Yake dubawa.

Allah Ya kyautata halayenmu kamar yadda Ya kyautata halittarmu, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.