Gani da Labari: Matsayin Kallon Harba Kumbo a Fuskar Waya

Wuraren da ake harba kumbo zuwa sararin samaniya ba su da yawa a duniya. Akwai Cape Canaveral a Amurka, da Baikonur a Kazakistan, da Sriharikota a Indiya, da wasu sansanoni a Sin da Rasha. Najeriya ba ta da ko ɗaya, shi ya sa taurarinta na ɗan'adam daga waje aka harba su: NigeriaSat-1 daga Plesetsk ta Rasha a watan Satumba na 2003, NigComSat-1R kuma daga Xichang ta Sin a Disambar 2011. Lokacin da aka harba na farkon, mutumin Lahodu a ƙasar Wurno ba shi da hanyar sanin abin sai ta bakin mai karanta labarai a rediyo.

Intanet ta canza wannan. Yau saurayin da ya wuni a gonar albasa yana iya zama a bencin mai cajin waya da daddare, ya sa data, ya kalli roka tsaye kan dandamalinta tana fitar da farin tururi, ana ƙirga daƙiƙoƙi da baya har wuta ta ɓalle a gindinta. Ba shi kaɗai ke kallo ba. Ranar 23 ga Agusta 2023, da kumbon Indiya Chandrayaan-3 ya sauka a kan wata, sama da mutum miliyan 8 ne suka kalla a lokaci guda a YouTube. Masu sha'awar abin sun san juna daga nesa: wani ya sanar da lokacin tashi, wani ya juya shi zuwa agogon Najeriya, wani ya bayyana cewa an ɗage saboda iska.

Tambayar da wannan ke tayarwa tsohuwa ce. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. To, wanda ya kalla a waya, gani ya yi ko ji?

Idan aka natsu, amsar ita ce labari ya samu, sai dai labari ne da ya zo cikin rigar gani. Idonsa bai sauka kan roka ba, kan gilashin waya ya sauka. Tsakaninsa da abin akwai mai ɗaukar hoto, da mai watsawa, da wanda ya turo masa, kuma kowannensu na iya gaskiya ko ƙarya, musamman yanzu da na'ura ke ƙera bidiyon abin da bai taɓa faruwa ba. Saboda haka ma'aunin da ya dace da shi ma'aunin labari ne, wanda malaman usulu da na hadisi suka daɗe da tsarawa. Labarin mutum ɗaya yana rataye ne a kan adalcinsa da kiyayewarsa. Labarin da ya zo ta bakin jama'a masu yawa, waɗanda hankali ba zai yarda sun haɗa baki kan ƙarya ba, kuma abin da suke faɗa da gaɓɓansu suka riske shi, shi ake kira mutawatiri, kuma yana ba da yaƙini. Da irinsa ne wanda bai taɓa barin Goronyo ba ya san akwai Makka.

A nan ne amfanin taron masu kallo yake, fiye da nishaɗin da ke ciki. Ranar 13 ga Oktoba 2024, da kamfanin SpaceX ya cafke gindin rokar Starship da hannuwan hasumiya a Texas, ba kyamarar kamfanin kaɗai ta ɗauka ba. Mutanen da suka taru a kusa sun ɗauka da nasu, kowa daga kusurwarsa. Yawan shaidun da ba su san juna ba shi ke ɗaga labari daga zato zuwa sani. Da wannan ma'auni ake auna saukar Apollo 11 a kan wata a watan Yuli na 1969, wadda har yau wasu ke musu a zaure da majalisa. Musun ba abin raini ba ne, domin ƙin gaskata baƙon labari sai da hujja hali ne mai kyau. Amma hujjar ta taru: Tarayyar Sobiyet, babbar abokiyar gasar Amurka a lokacin, ba ta ƙaryata ba, kuma daga baya wani kumbon Indiya ya ɗauko hoton wurin saukar.

Akwai kuma matakin da labarin ke komawa gani na haƙiƙa. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana shawagi a nisan kilomita kusan 400, tana zagaye duniya cikin minti 90 ko kusa da haka. Manhajar waya na iya faɗin daren da za ta ratsa saman Wurno da Rabah, da mintin, da ɓangaren da za ta ɓullo. Wanda ya fita fili bayan magariba zai ga haske kamar na zara, ba ya ƙyaftawa, ba shi da ƙara, yana tafiya a natse na 'yan mintoci, sannan ya dusashe idan ya shiga inuwar ƙasa. Wannan idonsa ne ya gani. A ƙauyen da wutar lantarki ba ta kashe duhun dare ba, ganin ya fi na mutumin birni kyau.

Duban wata shi ne inda bambancin gani da labari ya zama hukunci. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta malaman wannan yanki tun kafin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a Wurno, wata yana tabbata da ganin adilai biyu, ko ganin jama'a mai yawa, ko cikar kwana 30. Ba ya tabbata da lissafin mai taurari. Lissafin yana da aikinsa: yana nuna daren da ganin zai yiwu, da tsawon lokacin da jinjirin zai yi bayan faɗuwar rana, kuma yana taimakawa wajen gane da'awar wanda ya ce ya ga watan da ya riga rana faɗuwa. Hoton jinjirin wata da ke yawo a WhatsApp daren 29 ga Sha'aban kuwa bai wuce matsayin labarin da ba a san mai shi ba. Kafin a gina azumi a kansa sai an san wanda ya gani, da garin da ya gani, da lokacin, da wanda ya san adalcinsa. Shi ya sa mutanen Lahodu, ko da sun ga hoton a waya tun kafin isha'i, sanarwar fadar Sarkin Musulmi suke jira kafin su ɗaura niyya.