Wa Aka Bari a Bayan Ƙofa?

Duk sa'ad da aka faɗaɗa 'yancin zaɓe, wajibi ne a tambaya: wa aka bari a bayan ƙofa? A Amurka, ƙuri'un talakawa fararen fata suka ɗora Andrew Jackson kan mulki a 1828. A 1830 ya rattaba hannu kan dokar tayar da 'yan asalin ƙasar daga gādonsu. A nan Arewa, maza kaɗai suka yi zaɓen 1959. Matan Anka, Gummi da Bukkuyum sai a 1976 suka sami ƙuri'a, bayan Gambo Sawaba ta sha ɗauri. Yau kuwa wanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyensa sun raba shi da rumfar zaɓensa. Adalcin masu rinjaye ana auna shi da yadda suka riƙe irin waɗannan.