Tafiyar Kano Zuwa Jidda Da Hukuncin Sallar Matafiyi

 

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda, wanda aka buɗe a shekarar 1981, akwai nisan kimanin kilomita 3,400, watau wajen mil 2,100. Jirgi yakan cinye wannan nisa cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar. Mutanen da kuwa ta Barno suke bi, su ratsa Wadai da Darfur, su isa Sawakin a bakin Bahar Maliya, sa'an nan su shiga jirgin ruwa. Wani ya yi shekara uku a hanya, wani bakwai, wani kuma can ƙasa ta rufe idonsa. Zuriyar waɗanda guzuri ya yanke musu tana nan a Sudan har yau. Wannan sauƙi ni'ima ce wadda godiyarta ta wajaba, domin Allah Ya lissafa abin hawa cikin ni'imominsa a farkon Suratun Nahli.

To, amma wannan sauri yana tafe da wani haɗari wanda maniyyata da yawa ba su lura da shi ba. Jirgin gabas ya nufa, ranar Jidda kuwa tana riga ta Kano faɗuwa, agogonsu yana gaba da awa biyu. Idan jirgi ya tashi da ƙarfe biyu na rana, sai wajen takwas da rabi na dare zai sauka a agogon Jidda. Ashe La'asar da Magariba duk a sama lokacinsu zai shiga. Abin baƙin ciki ne ƙwarai mutum ya sayar da shanunsa don ziyarar Ɗakin Allah, sa'an nan ya buɗe tafiyar da tozarta salla.

Shari'a ba ta bar matafiyi cikin ƙunci ba. A mazhabar Imamu Malik, tafiyar da ta kai mil 48 ana yi mata ƙasaru, watau salla mai raka'a huɗu ta koma biyu, bayan an bar gine-ginen gari. Da nisan hanya ake aunawa, ko da an cinye shi cikin ƙiftawar ido. Haka nan malamai sun yi rangwamen haɗa salla biyu. Wanda rana ta gusa masa kafin tashi, sai ya sallaci Azahar ya haɗa da La'asar. Magariba kuma ya jinkirta ta da niyyar haɗawa da Isha'i idan ya sauka.

Sallar Asuba ba a haɗa ta da wata. Wanda alfijir ya keto masa a sama, ya kuma ji tsoron fitowar rana, sai ya yi ta a cikin jirgin, a tsaye in ya sami wuri, in bai samu ba a zaune. Alƙibla tana wajen da jirgin ya sa gaba, domin Makka ba ta da nisa da Jidda. Saboda haka ya kamata maniyyaci ya shiga jirgi da alwalarsa, ya kuma tambayi lokacin tashi da na sauka tun yana ƙasa.

Allah Ya kai alhazai lafiya, Ya karɓi ibadarsu, amin.