Doka ko Halin Mai Mulki: Wanne Ke Riƙe Ƙasa?

Tun zamanin da, masu hankali suna gardama a kan abin da ke tsare talaka daga zalunci: doka ce rubutacciya, ko kuwa halin wanda aka ba mulki? Bari mu duba manyan dauloli biyu, Sin da Rum, mu ga yadda kowace ta amsa.

Rumawa doka suka dogara da ita. Wajen shekara ta 450 kafin haihuwar Annabi Isa, talakawan Rum suka matsa aka rubuta dokokin birni a kan alluna 12, aka kafa su a dandali, don kada alƙali ya yi hukunci da son ransa. Kowace shekara sukan zaɓi shugabanni biyu, kowane yana da ikon hana ɗan'uwansa, ga kuma majalisar dattawa tana ba su shawara. Manufarsu kada iko ya taru a hannun mutum ɗaya.

Sinawa kuwa sun ɗanɗana doka tsagwaronta, ba su ji daɗi ba. Sarki Shi Hwangdi ya haɗa ƙasar a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, ya mallake ta da horo mai tsanani da aikin tilas, amma gidansa shekara 15 kaɗai ya yi. Gidan Han da ya biyo baya ya riƙe dokoki, sai dai ya ɗora koyarwar malam Kwanfushiyas a kansu, wadda ke cewa shugaba ya fara gyara kansa kafin ya gyara jama'a. Aka buɗe makarantar horar da ma'aikata, aka umarci larduna su riƙa aiko mutanen da aka shaida da gaskiya da biyayya ga iyaye. Gidan nan ya yi shekara wajen 400.

To, wa ya fi dacewa? Dubi ciwon da ya kama su. A shekara ta 178 bayan haihuwar Annabi Isa, Sarki Ling na Han ya fara sayar da muƙamai. Shekara 6 bayan haka manoma suka yi babban tawaye. A shekara ta 193 dogarawan fadar Rum suka kashe sarkinsu, suka yi gwanjon sarauta. Wani attajiri, Juliyanus, ya saya, bai yi wata uku ba aka kashe shi.

Ashe ciwon ɗaya ne. Wanda ya sayi muƙami, a jikin talaka zai fanshe kuɗinsa. Doka ba ta da hannu, sai mai amana ya ɗauke ta. Mai amana kuma mutuwa yake yi, in ba doka a rubuce, wanda ya gaje shi sai ya yi yadda ya so. Saboda haka ƙasa tana bukatar duka biyun, tana kuma bukatar talakawa masu iya karanta dokar da kansu. Alluna 12 ɗin nan, da ba mai iya karanta su, da amfaninsu kaɗan ne.