Daren da Ba a Fita Nema Ba

Karatu: Matta 18:1-14, Farawa 37, Ezekiyel 34

A farkon watan Janairu na shekarar 1937, cikin kwanakin bikin Sabuwar Shekara, yara maza huɗu suka sulale daga makarantar kwana ta Lejac da ke gefen Tafkin Fraser, a lardin Biritish Kolombiya na ƙasar Kanada. Babu wanda ya kai shekara goma a cikinsu. Sun nemi a bar su su je su ga iyayensu, aka hana su, sai suka kama hanya da kansu ta bisa tafkin, wanda sanyi ya daskarar da ruwansa ya zama kamar dutse. A daren nan sanyi ya kai wajen digiri 30 ƙasa da sifili. Mai karatu da ya san hunturun Jos zai iya tunawa cewa duk tsananinsa ba ya daskarar da ruwan randa. Wannan kuwa sanyi ne da ke kashe yatsun mutum kafin ya ankara. Tufafin jikinsu ba su da kauri, ko hula ba su da ita.

An lura da cewa ba sa nan tun da maraice. Labari ya kai ga shugaban makarantar da dare, shi kuwa ya ɗauka sun riga sun isa wurin danginsu. Ba wanda ya ɗauki fitila ya fita. Sai washegari aka shiga nema, aka kuwa tarar da gawarwakinsu a kan ƙanƙara, saura musu ƙasa da mil ɗaya su shiga ƙauyensu.

Wannan makaranta ta ikkilisiya ce. Limaman Katolika ne ke riƙe da ita, kamar yadda Angilikan, Furesbiteriyan da Metodis suka riƙe wasu irinta a faɗin ƙasar, gwamnati kuma tana ba da kuɗi. Manufar ita ce a raba 'ya'yan 'yan asalin ƙasar da iyayensu, da harshensu, da al'adunsu, a mai da su kamar Turawa. Tun daga 1920 doka ta tilasta wa iyaye su sa 'ya'yansu masu shekara 7 zuwa 15 a makaranta, a wurare da yawa kuma babu wata makaranta sai irin wannan. Yara kimanin 150,000 ne suka ratsa ta cikinsu kafin a rufe na ƙarshe a shekarun 1990. Saboda haka kada wani mai bi ya yi saurin cewa wannan laifin wata ɗarika ce dabam. An yi shi ne da sunan Almasihu, a gidajen da ake addu'a safe da yamma, ana kuma karanta Littafi Mai Tsarki ɗin nan da ke kan teburin kowane gidan Kirista.

A cikin Littafin nan kuwa akwai sura ta 18 ta Bisharar Matta. Sau da yawa akan ɗauki misalin ɓatacciyar tunkiya a yi wa'azi da shi a kan babban mai zunubi da ya bar sujada, wannan ma daidai ne. Amma a Matta, Yesu ya faɗi misalin ne da ƙaramin yaro a tsaye a tsakiyar almajiransa. Da yaron ya fara magana, ya yi gargaɗi mai ban tsoro ga duk wanda zai sa irinsa tuntuɓe, ya hana a raina ko ɗaya daga cikinsu, sannan ya kawo makiyayin da ya ƙirga garkensa ya ga saura ɗaya. Abin lura game da makiyayin nan shi ne bai tsaya lissafi ba. Bai ce ai tunkiyar ta san hanya, ko wataƙila ta bi garken maƙwabci, ko a bari gari ya waye ba. Ƙirgar ba ta cika ba, wannan kaɗai ya ishe shi dalilin tashi.

Hausawa sukan ce zato zunubi ne. A Lejac zato ya zama ajali. Ba a ce shugaban makarantar ya yi nufin yaran su mutu ba, babu kuma bukatar a ɗora masa abin da ba a tabbatar ba. Abin da aka tabbatar ya isa nauyi: yara huɗu da ke hannunsa amana suna waje cikin daren da ke kashe manya, shi kuma ya zaɓi zaton da zai bar shi ya kwanta. Maryamu da Yusufu ma sun taɓa yin zato, kamar yadda Luka ya ba da labari, har suka yi tafiyar yini guda suna tsammani Yesu yana cikin ayari. Amma da suka duba ba su gan shi ba, sai suka juya Urushalima, ba su huta ba sai da suka same shi. Ɗansu ne. Tambayar da ke da zafi ita ce, da a ce ɗan wani babban jami'in gwamnati ne ya ɓace daga Lejac a daren nan, da an jira wayewar gari?

An yi zaman binciken mutuwar. Sakamakon shi ne gajiya da sanyi suka kashe yaran. Waɗanda suka saurari shaidu sun ƙara da cewa ya kamata a ce hukumar makarantar ta ɗauki mataki fiye da wanda ta ɗauka, sun kuma ja kunne a kan dukan yara fiye da kima. Ba a hukunta kowa ba, makarantar ta ci gaba da aiki har 1976.

Faɗin cewa sanyi ne ya kashe su gaskiya ne, amma gaskiya ce irin ta 'yan'uwan Yusufu. A Farawa 37, da suka sayar da ƙanensu, ba su tsaya gaban Yakubu suka tsara doguwar ƙarya ba. Riga suka kawo masa da jinin bunsuru a jiki, suka bar tsohon ya yanke hukunci da kansa cewa naman daji ne. Naman daji ba ya zuwa gaban shari'a, sanyi ma haka. Idan aka ɗora wa yanayi laifin, kowa ya tsira, tambayar da ta fi kowace muhimmanci kuma ta nutse: me ya sa yaro ɗan shekara takwas, wanda aka haifa a ƙasar ƙanƙara, wanda ya san abin da sanyi ke yi, ya ga gara ya shiga cikinsa da ya kwana a gadonsa?

Amsar ba a ɓoye take ba. Shekara 35 kafin Lejac, a watan Fabrairu na 1902, wani yaro ɗan shekara takwas ya gudu daga makarantar mishan ta Williams Lake, a lardin nan dai, aka tsinci gawarsa a bakin hanya sanyi ya kashe shi. Da farko ba a ma so a yi bincike ba. Da aka yi, yaran makarantar suka ba da shaidar ruɓaɓɓen abinci da bulala. A 1907 kuma, Dakta Peter Bryce, babban likitan ma'aikatar da ke kula da 'yan asalin ƙasar, ya rubuta rahoto a kan yadda tarin fuka ke kashe ɗalibai saboda cunkoso da rashin iska a ɗakunan kwana. An ji, an ajiye.

Sai kuma labarin da ya fi shahara. Chanie Wenjack yana da shekara tara aka kai shi makarantar Cecilia Jeffrey a garin Kenora, lardin Ontariyo, wadda ƙungiyar matan mishan ta Ikkilisiyar Furesbiteriyan ke kula da ita. A can ma sunansa ba a kira shi daidai ba, Charlie ake ce masa. Ranar 16 ga Oktoba 1966, yana da shekara 12, ya gudu tare da abokansa biyu. Ya yi 'yan kwanaki a gidan kawun abokan, daga nan ya kama layin dogo shi kaɗai, yana nufin Ogoki Post wurin mahaifinsa, tafiyar kilomita wajen 600. 'Yar riga mara kauri ce a jikinsa, guzurinsa kuwa 'yar kwalba mai ɗauke da tsinken ashana kaɗan. Ranar 23 ga wata direban jirgin kaya ya hango gawarsa a gefen dogo. Yunwa da sanyi ne suka kashe shi. A wannan karon masu sauraron binciken sun wuce maganar sanyi, suka tambayi ko tsarin ilimin kansa daidai ne. A shekarar da ta biyo, ɗan jarida Ian Adams ya buga labarin a mujallar Maclean's, mutanen Kanada da yawa kuma suka fara jin abin da iyayen yaran suka daɗe da sani.

Ta bakin annabi Ezekiyel, Ubangiji ya kai ƙarar makiyayan Isra'ila. Cikin laifofin da ya lissafta musu, da yawa ba abin da suka aikata ba ne, abin da suka ƙi yi ne: ba su ƙarfafa rarrauna ba, ba su ɗaure wa mai karaya ba, ba su komo da wadda ta bauɗe ba, ba su nemi wadda ta ɓace ba. Ya kuma ce zai nemi tumakinsa a hannunsu. Mutum yana iya tsayawa gaban alƙalin duniya ya rantse cewa bai taɓa yaron da hannunsa ba, a sallame shi. A gaban Allah, barci ma aiki ne idan an yi shi a daren da ya kamata a fita.

Nan ne maganar ta iso ƙofar gidan mai karatu. Babu tafkin ƙanƙara a Nijeriya, amma akwai yaran da ke kwana nesa da iyayensu: na makarantun kwana, ciki har da na ikkilisiya, da marayu, da 'ya'yan riƙo, da 'yan matan da aka kawo daga ƙauye su yi aikin gida. Duk wanda ya karɓi ɗan wani ya zama makiyayinsa, ko ana biyansa ko ba a biya. Ya kamata ya san inda yaron yake kafin a rufe ƙofa, idan kuwa ba ya nan, a fita nema a wannan sa'ar, a sanar da iyayensa da hukuma ba tare da tunanin abin da mutane za su ce game da gidan ko makarantar ba. Iyaye kuma, idan yaro ya dawo hutu yana kuka ba ya son komawa, ko ya gudo sau ɗaya ya sake gudowa, kada bulala ta riga tambaya. Wani lokaci ƙiwuya ce kawai, gaskiya ne. Amma yaro ba shi da lauya, ba ya rubuta takardar koke, sau da yawa ma ba shi da kalmomin da zai faɗi abin da ake yi masa. Ƙafafunsa ne ke ba da shaida.

Akwai kuma jarabar da ta fi kama masu ibada, wato rufa wa aikin Allah asiri. Akan ce kada a ɓata sunan ikkilisiya, kada a ba marasa bi abin faɗi, a bar wa Allah. Ikkilisiyoyin Kanada sun gwada wannan hanya shekara da shekaru, ba ta kuwa kare sunan kowa ba, sai dai ta ƙara yawan kaburbura. Daga baya dole ta sa suka yi magana. Haɗaɗɗiyar Ikkilisiyar Kanada, wadda ta gaji Metodis, ta nemi gafarar 'yan asalin ƙasar a 1986, ta sake yi a kan makarantun a 1998. Babban Bishop Michael Peers ya nemi gafara a madadin Angilikan a 1993, Furesbiteriyan suka yi furcin zunubinsu a 1994. Firayim Minista Stephen Harper ya nemi gafara a majalisa a watan Yuni 2008, Paparoma Francis kuma ya je Maskwacis a lardin Albata a watan Yuli 2022 ya roƙi gafara a gaban waɗanda suka tsira. Tsakanin daren Lejac da wannan ziyara shekara 85 ne. Iyayen yaran huɗu ba su ji ta ba.

Neman gafara abu ne mai kyau, bai kamata a raina shi ba, amma Zakka da ya tuba lissafi ya yi na abin da zai mayar. A nan kuwa lissafin kansa ya gagara. Hukumar Gaskiya da Sulhu, ƙarƙashin Mai Shari'a Murray Sinclair, ta kammala aikinta a 2015, ta tabbatar da mutuwar yara fiye da 3,200, adadin kuma ya haura 4,000 da aka ci gaba da bincike. Wajen kashi ɗaya cikin uku na waɗannan, makaranta ko gwamnati ba ta rubuta sunan yaron ba. Kusan rabi, ba a rubuta abin da ya kashe shi ba. Da yawa an binne su a harabar makarantu, ba a mai da gawa gida ba saboda kuɗin jigila. Almasihu ya ce makiyayi na gaske yana kiran tumakinsa da sunayensu, ga kuwa masu aiki da sunansa sun binne yara ba su ko rubuta sunan ba.

Ranar 30 ga Satumba 2019, a birnin Gatineau, aka warware wani jan ƙyalle mai tsawon kusan mita 50 a gaban jama'a, ɗauke da sunayen yara 2,800 da aka iya ganowa. Cibiyar da ke adana takardun hukumar, a Jami'ar Manitoba, ta ci gaba da bin tsofaffin rajistoci na gwamnati da na ikkilisiyoyi, tana neman sunayen sauran.