Furen da Ke Kan Ɓawon Itace

Akwai wani ɗan tsiro da masana ke kira Angraecum distichum, ɗaya daga cikin dangin furannin okid. Gidansa dazuzzuka masu danshi na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da kudancin Najeriya. Ganyensa ƙanana ne, jere suke kamar kitso, furensa fari kuma bai kai farcen babban yatsa ba. Wani Bature ɗan Ingila, John Lindley, shi ya raɗa masa wannan suna.

A jikin itace yake zama, amma ba halinsu ɗaya da kaucin da muke gani a kan kaɗanya ba. Kauci yana tsotsar ruwan bishiya, shi kuwa masauki kawai yake nema. Ruwan sama da raɓa su ke ciyar da shi.

A ce mun kawo shi Zuru muna son ya rayu. Ba za mu binne saiwarsa a ƙasa ba, domin ruɓewa za ta yi. Sai mu ɗaure shi a ɓawon itace, mu rataye a inuwa inda iska ke ratsawa. Da damina ba wahala. Idan hunturu ya shigo kuwa, sai fesa ruwa safe da yamma, ranar da muka shagala ganyen ya fara yanƙwanewa. Duk abin da muke wahalar haɗa masa, daji kyauta yake ba shi.

To, mun cece shi ne, ko mun mallake shi? Wani zai ce gara a hannunmu, tunda ana sare dazuzzuka. Maganarsa da ƙamshin gaskiya. Sai dai irin okid kamar ƙura yake, ba shi da guzuri, a daji ba ya tsirowa sai ya dace da wani nau'in funfuna da zai ciyar da shi. A tsakar gidanmu tsiron zai iya yin fure shekara da shekaru, amma da wuya ya bar baya. Mun riƙe ransa, zuriyarsa kuwa tana can inda muka ɗauko shi.

Mu mutanen ƙasar Zuru wannan tambaya ba baƙuwarmu ba ce. Mun ga iyalan da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a Danko-Wasagu da Sakaba, suka shigo gari da ƙullin kaya a ka. Mun ba su ɗaki, mun auna musu dawa, kuma Allah ya saka wa duk wanda ya yi. Amma manomin da ba shi da gona, me zai koya wa ɗansa? An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi; su ai ba su bari ba, fitar da su aka yi.

Haɗarin ciyarwa shi ne ta kwantar mana da hankali, mu ɗauka mun sauke nauyi. Mu ci gaba da fesa ruwan, kada mu fasa ko da rana guda. Amma bashin da ke kanmu ba zai biyu ba sai dajin ya tsira daga gatari, manomin kuma ya koma gonarsa ya kwana da ido biyu rufe.