Allah Ke Ba da Mulki, To Wa Ke Koyar da Shi?

Ranar 23 ga Mayun 2024, mutanen Balan da ke ƙasar Gaya sun wayi gari a ƙarƙashin sarki mai daraja ta ɗaya. Kafin rana ta faɗi, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe masarautar Gaya tare da ta Bichi da Rano da Ƙaraye. Shekara biyar kafin nan, a watan Mayun 2019, alƙalamin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ne ya ɗaga Sarkin Gaya Ibrahim Abdulƙadir zuwa wannan daraja. A watan Yulin 2024 kuma aka dawo da masarautar a daraja ta biyu, aka ba ta Gaya da Ajingi da Albasu, Aliyu ɗan Sarki Ibrahim, wanda ya gaji mahaifinsa tun 2021, ya koma karaga.

Duk lokacin da al'amari ya juya haka, magana ɗaya ake ji a majalisun ƙofar gida da tashar mota: Allah ke ba da mulki ga wanda Ya so, Ya karɓe daga wanda Ya so. Babu Musulmin da zai yi musun wannan. Matsalar tana ga abin da ake ɗora wa maganar daga baya. Mutane da yawa sun ɗauka tunda Allah ne Ya ba da kujera, to Ya haɗa da iya zamanta, kamar yadda ake sayen akuya a ba da igiya. Shi ya sa za a naɗa mutum hedimasta ko shugaban ƙungiyar manoma ko kansila, a yi walima, a ce Allah Ya taya riƙo, a watse. Ba mai tambayar ko ya taɓa raba wa mutum goma aiki ya kuma bi sawu.

Tambayar tsohuwa ce: shugabanci baiwa ce da ake saukar wa mutum, ko kuwa sana'a ce da ake durƙusawa a koya?

Labarin Abu Zarri Al-Gifari ya isa ya tsayar da mai karatu. Sahabi ne da aka yi wa shaidar gaskiya da gudun duniya, wanda ko maƙiyinsa ba zai zarge shi da taɓa kobon jama'a ba. Ya nemi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ba shi wani aiki na hukuma. Kamar yadda Imamu Muslim ya ruwaito, Annabi ya dafa kafaɗarsa, ya nuna masa cewa yana da rauni, aikin kuma amana ce da ke zama nadama ranar Ƙiyama ga wanda bai sauke haƙƙinta ba. Raunin da ake nufi ba na imani ba ne, domin imanin Abu Zarri ya fi ƙarfin a yi shakkarsa. Rauni ne na jan ragamar mutane: haƙurin sauraron mai ƙorafi, iya tsawatarwa ba tare da karya zuciya ba, sanin wanda za a ba wane aiki.

Alƙur'ani ma haka ya haɗa abubuwan biyu, amana da iyawa. A Suratul Ƙasas, 'yar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa aiki saboda ƙarfinsa da amanarsa. A Suratu Yusuf, da Annabi Yusuf ya nemi a damƙa masa taskokin Masar, hujjarsa ita ce iya tsarewa da kuma sanin aikin. Ibn Taimiyya ya gina bahasinsa na naɗa ma'aikata a kan waɗannan ginshiƙai biyu, har ya lura cewa ba kasafai suke haɗuwa a mutum ɗaya ba. Wa'azin masallatan ƙasar Hausa ya fi zama a kan amana, kuma ya kyauta. Sai dai ɗaya ƙafar an bar ta tana lilo, alhali ita ce wadda ake iya koyarwa.

Kanawa sun taɓa sanin haka. Wajen shekarar 1492, a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), Shehu Muhammadu bin Abdulkarim Al-Magili ya sauka Kano, ya rubuta wa sarkin ɗan littafi mai babi takwas kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Wanda ya buɗe shi yana sa ran wa'azi zalla zai yi mamaki. Babin farko ne ya tsaya kan kyautata niyya. Sauran kuwa aiki ne tsagwaronsa: yadda za a tsara ma'aikata, daga mashawarta zuwa magatakarda da masu lissafi da manzanni, yadda za a binciki al'amura, ta ina kuɗi za su shigo, ina kuma za su tafi. Ya ce a ƙidaya dukiyar ma'aikaci kafin a naɗa shi, don a gane abin da ya ƙaru daga baya. Ya ce sarki ya riƙa zama kullum a inda mata da yara za su iya isa gare shi, domin wani lokaci ƙarar da talaka ya kawo a kan alƙalin ce ko hakimin. Abin da ya yi ta nanatawa kuwa shi ne, babbar masifa ita ce shugaba ya shige bayan labule ya ɓuya wa talakawansa.

Ba Al-Magili ya ƙago wannan ba. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi yakan rubuta abin da gwamna ya mallaka ranar naɗi, yakan tara gwamnoninsa a lokacin aikin Hajji a gaban jama'ar da suke mulka. Da labari ya iske shi cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya kafa ƙofa a gidan gwamna a Kufa, sai ya aika Muhammadu ɗan Maslama ya ƙone ƙofar. Sa'adu yana cikin goman da aka yi wa albishir da Aljanna, amma darajarsa ba ta hana a bi sawun aikinsa ba. Masana harkar kamfanoni a Amurka sun yi ta yayata irin wannan dabara a shekarun 1980, bayan sun ga manajojin Hewlett-Packard suna barin ofis suna zagayawa cikin ma'aikata, Toyota kuma ta daɗe tana hora manyanta su je su gani da idonsu a inda ake aikin. Wanda ya san littafin Al-Magili ba zai ji baƙon abu a nan ba.

Littafin Tarihin Kano ya ajiye misalin abin da ke faruwa idan aka sami ƙarfi babu lissafi, kuma labarin ya taɓa Gaya. A zamanin Sarki Muhammadu Sharefa (1703–1731), wanda mahaifiyarsa Maryama 'yar Sarkin Gaya ce, mutanen Gaya sun yi ƙarfi a fadar Kano, kuma an ƙirƙiro haraji iri-iri da marubucin tarihin ya kira zalunci. Ɗansa Kumbari (1731–1743) jarumi ne, fadawansa na son sa. Amma ya matsa wa Kasuwar Kurmi da haraji har ta kusa mutuwa, ya sa har malamai suka biya. Larabawa suka tattara suka koma Katsina, talakawa da yawa suka fice daga birni suka yi ƙauye. A mahangar addini wannan zalunci ne. A mahangar aiki kuma rashin iyawa ne, domin mai tatsar saniya har ta zubar da jini bai san kiwo ba. Abin lura shi ne zunubin da kuskuren abu ɗaya ne, kuma sau da yawa haka suke zuwa.

To a ina ake koyon wannan sana'a? A Balan da ƙauyukan da ke kewaye da ita, makarantar farko ita ce gona. A tsarin gandu, maigida ba umarni kawai yake bayarwa ba, akwai ƙa'idar da kowa ya sani ko da ba a rubuta ba. 'Ya'ya da ƙanne su yi aikin gonar gandu daga safe zuwa wajen azahar, shi kuma ya ciyar, ya ba da iri da kayan aiki, ya ɗauki nauyin aure, ya yanka wa kowa gayaunarsa da zai noma wa kansa da yamma. Ranar da maigida ya fara cin lokacin gayauna, ko ya sayar da gyaɗa bai faɗi abin da aka samu ba, ranar gandu ya fara tsagewa, ko da kuwa ba wanda ya ɗaga masa murya. Sai dai a ji yaro ya ce zai tafi cin rani, daga nan bai dawo ba.

A dubi ranar gayya kuma. Mai gona ya gayyato samari, mata sun dama fura da kunu tun da sassafe, makaɗi ya rataya ganga. Wanda ke jan gayyar yana tsaye a bakin gona yana raba kunyoyi. Ba ya jera masu ƙarfi wuri guda, sai ya sa rago tsakanin gwanaye biyu don kunya ta hana shi zama baya. Yaron da ya fara riƙe fartanya bana, a gefe ake sa shi, kusa da wani babba da zai gyara masa riƙo ba tare da an ji ba. In rana ta take, hannaye suka fara sanyi, shi ya san lokacin da zai yi wa makaɗi ido a sauya kiɗa, da lokacin da kiɗa ba zai yi ba sai an sauke ƙwaryar fura. Wanda ya bar ciyawa a kunyarsa, ba a kiran sunansa a gaban jama'a. A bari sai an zo shan ruwa a ja shi gefe. Kuma shi kansa jagoran yana da kunyarsa, ana kallon ta.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka haife shi da shi. Ya yi shekaru a gefen gona ana gyara masa riƙo. Haka ma ƙira, sana'ar da Gaya ke alfahari da ita, tunda labarin baka ya ce wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya neman tama ya sauka a Dala, kuma har yau ana kiran zuriyarsa Abagayawa. Ƙira gado ce, amma ɗan maƙeri da zuga yake farawa. Ba a miƙa masa masaba don kawai ubansa ne Sarkin Maƙera.

Wannan matakin zuga shi ne ya ɓace a ofisoshi da ƙungiyoyin yau. Malamin da ya fi kowa iya koyar da lissafi, shi ake ɗauka a ba shi makaranta, ya tarar da malamai goma sha, da iyayen yara, da rajista, da rufin da iska ta yaye, ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake yi wa wanda ya girme shi magana kan makara. Ma'aikaciyar lafiya da ta ƙware a karɓar haihuwa, a wayi gari ita ke da asibitin sha-ka-tafi, da lissafin magani, da jadawalin masu kwana. Alhajin da ya fi ba da gudummawa, shi ne shugaban kwamitin masallaci. In abu ya lalace, sai a ce ai mutumin ya canza, kujera ta ɓata shi. Wani lokaci gaskiya ne. Amma sau da yawa mutumin kirki ne aka jefa kogi ba a koya masa iyo ba, ya ji kunyar ya ce bai iya ba, sai ya rufe ƙofar ofis, ya sa masinja a bakinta. Daga nan labulen da Al-Magili ya yi gargaɗi a kansa ya sauka.

Akwai masu cewa koyon dabarun mulki ba ya gyara zuciya, ɓarawon da ya iya lissafi ma ya fi ɓarna. Suna da gaskiya, kuma kwarjini da farin jini ba a sayar da su a aji. Amma wannan hujja ce ta a haɗa koyo da tarbiyya, ba ta a bar koyo ba. Mutanen da suka yi jihadi a Kano malamai ne masu tsoron Allah, duk da haka lokacin da Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya biyo ta garin wajen 1806, da niyyar wucewa gabas, sun roƙe shi ya rubuta musu yadda ake gudanar da hukunci, ya rubuta Liya'ul Hukkami. Umarun Dallaje na Katsina ma ya nemi irin wannan daga Muhammadu Bello, aka rubuta masa Usulus Siyasa, inda har aka ja hankalinsa ga kula da manoma da maƙera da maɗinka da kasuwanni da hanyoyi. Waɗannan mutane sun ci yaƙi, tuta na hannunsu, amma ba su ji nauyin cewa a koya musu ba. Neman sanin aikin da aka ɗora wa mutum yana cikin sauke amanar, kuma wanda ya ƙi nema bayan ya karɓi kujera, rashin saninsa ba zai zama uzuri ba.

Kira a nan ga masu naɗi ne a Gaya da Ajingi, daga fadar sarki da hakimai zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma da shugabannin ƙungiyoyi. Kafin a miƙa wa sabon mai unguwa ko hedimasta ko ma'aji mabuɗi, a zaunar da shi kusa da wanda ya daɗe a aikin, ko da na wata uku ne. A rubuta abin da ya tarar a gaban shaidu. A sa masa ranar da zai riƙa zama a fili kowa ya same shi. Limamai kuma, da ke da kunnen jama'a kowace Juma'a, su ɗauko littafin Al-Magili su karantar da shi babi-babi da Hausa. Babi takwas ne kawai, wata biyu ya isa a sauke shi.